Yadda Za Mu San Halin Madara Bayan An Ɗauke Wuta

Jam'iyyun gama kai da dama a yankunanmu sun sami firiji ko tankin sanyaya madara, waɗansu mai aiki da wutar lantarki, waɗansu da hasken rana, waɗansu kuwa da janareta. Wannan abin murna ne, gama madarar da dā takan juya kafin azahar yanzu tana iya kwana, ta kai gari, ta kawo kuɗi. Amma akwai tambaya guda da take yawan dawowa a taron 'yan kwamiti. An ɗauke wuta da dare, an maido da asuba. Ga madara da sanyinta, ba tsami, ba wari. A sayar ko a zubar? In an zubar, gumin mutum ashirin ya bi ƙasa. In an sayar kuma wani ya kwanta, sunan jam'iyya ya ɓaci, masu saye su watse. Sau da yawa wanda ya fi ƙarfin murya shi ne yake yanke magana.

A wannan fitowa muna so mu nuna wa jama'a wata hanyar lissafi wadda masanan abinci suke bi domin su faɗi yadda ƙwayoyin cuta suka ƙaru a cikin madara ba tare da sun gan su ba. Su da kwamfuta suke yi. Mu kuwa mun rage shi yadda sakataren jam'iyya zai iya yinsa da fensir a bayan littafin awo. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin zafi, da agogo, da mutum mai rubuta gaskiya. Duk inda muka ce digiri, na ma'aunin Selsiyas muke nufi, watau wanda ruwa yake ƙanƙara a 0, jikin mutum lafiyayye yake 37, ruwa kuma yake tafasa wajen 100.

Firiji ya ɗauke mana shaida

Tun kaka da kakanni, harshe da hanci su ne alƙalan madara. In an bar ta a ƙwarya cikin zafin ɗaki, akwai waɗansu ƙananan halittu masu amfani, waɗanda ido ba ya gani, da suke cin zaƙin da yake cikinta su mai da shi tsami. Su ne suke ba mu nono da kindirmo. Tsamin nan aiki biyu yake yi: yana gaya wa mai ɗanɗanawa cewa madara ta juya, yana kuma takura wa yawancin ƙwayoyin cuta, gama ba su son tsami.

A cikin firiji abin ya sha bamban. Masu kawo tsamin nan ba su jure sanyi. Da an sauka ƙasa da digiri 10 sai su yi kasala, kusan su daina aiki. Fili ya zama na masu jure sanyi ke nan. Waɗansunsu ɓarna kawai suke yi, kamar irin da ake kira Sudomonas, mai sa madarar da ta daɗe a sanyi ta yi ɗaci ko wani irin wari. Wannan hasarar kuɗi ce. Amma akwai ɗaya da ake kira Listeriya, ita hasararta ta rai ce. Tana zaune a ƙasa, da kashin dabbobi, da ciyawar da aka tara ta ruɓe, da magudanar ruwa ta ɗakin madara. Makiyaya da yawa sun taɓa ganin aikinta ba su san sunanta ba, domin tana cikin abubuwan da sukan kama tunkiya ko akuya a ƙwaƙwalwa, dabba ta karkatar da kai ta yi ta kewaya wuri ɗaya. Tana iya haihuwa har kusa da digiri 0. Ba ta sa tsami, ba ta sāke launi, ba ta kawo wari. Madarar da take cike da ita, daɗinta ɗaya da wadda aka tatsa yanzu.

Ƙaƙƙarfan mutum yakan sha ya tashi da ɗan zazzaɓi ko gudawa, ko ma ya wuce bai ji kome ba. Mace mai ciki kuwa tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, ko jariri ya zo da ciwo mai tsanani. Tsofaffi, da waɗanda wata cuta ta riga ta raunana, tana iya shiga jininsu ko ƙwaƙwalwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda cutar ta kai wannan matsayi, 20 zuwa 30 cikin ɗari sukan mutu. Abin da ya ƙara ɓoye ta shi ne takan yi mako biyu, mako uku, wani lokaci har wata biyu kafin ta bayyana. Wa zai tuna da kofin madarar da aka sha a watan jiya?

Kada a ce wannan ciwon matalauta ne. A shekarar 1983, a jihar Masacusets ta Amurka, mutum 49 suka kamu da ita, 14 suka mutu, bincike kuma ya danganta abin da madarar kanti wadda aka riga aka dafa. A 1985, a Los Anjeles, ta bi ta cikin cuku mai taushi ta kama mutum 142, aka yi hasarar rai 48, har da 'ya'yan da suke ciki. 

Akwai sauran abokan tafiyarta, amma su sanyi mai kyau yana tsai da su. Salmonela, mai kawo zazzaɓi da gudawa, ba ta cika haihuwa a ƙasa da digiri 6 ko 7 ba. Istafilokokas, wanda yakan fito daga hannun mai tatsa, ko maruru, ko hantsar saniya mai ciwo, yana farawa wajen digiri 7. Za mu komo kansa a gaba, gama yana da nasa sharri dabam. Tarin fuka da bakkale kuwa daga jikin saniya suke shigowa. Firiji ba ya ƙara su, ba ya kuma rage su. Wuta kaɗai take maganinsu.

Ninki suke yi, ba ƙari ba

Ƙwayar cuta ba ta haihuwa kamar akuya. Rabuwa take yi gida biyu, biyun nan kowace ta sāke rabuwa. Ɗaya ta zama 2, sai 4, sai 8, sai 16. Bayan ninki 10 ɗaya ta zama 1,024. Bayan ninki 20 ta wuce miliyan. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi wa kowace madara ita ce: sau nawa aka ninka tun daga tatsa, ko tun daga dafuwa? Abin da ya fi kome iko a kan saurin ninkin nan kuwa shi ne zafi.

A shekarar 1982 wani masani mai suna David Ratkowsky, da abokan aikinsa a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, suka nuna wani abu mai sauƙi ƙwarai. Kowace irin ƙwaya tana da wani digiri na ƙasa wanda lissafinta yake tashi daga gare shi. In an ɗauki ratar da take tsakanin zafin abinci da wannan digiri, aka buga ratar sau kanta, abin da ya fito shi ne gwargwadon saurin haihuwa. Watau in rata ta ninka sau biyu, sauri ya ninka sau huɗu. In ta ninka sau uku, sauri ya ninka sau tara.

Ga Listeriya a cikin madara, wannan digiri na ƙasa yana wajen ɗaya ƙasa da sifiri. To, ga ka'idar da muka tsara daga nan. A duba ma'auni, a ƙara 1 a kan abin da ya nuna, a buga lambar sau kanta. Abin da ya fito, mu kira shi maki na awa ɗaya. Duk sa'ad da maki ya taru ya kai 900, an yi ninki ɗaya.

Digiri 4: maki 25 a awa, ninki ɗaya cikin awa 36.
Digiri 6: maki 49 a awa, ninki ɗaya cikin awa 18.
Digiri 9: maki 100 a awa, ninki ɗaya cikin awa 9.
Digiri 14: maki 225 a awa, ninki ɗaya cikin awa 4.
Digiri 19: maki 400 a awa, ninki ɗaya cikin awa 2 da kwata.
Digiri 24: maki 625 a awa, ninki ɗaya cikin awa 1 da rabi.
Digiri 29: maki 900 a awa, ninki ɗaya cikin awa 1.

Mai karatu yana da dalilin tambaya ko lissafin nan ya yi daidai da abin da yake faruwa cikin gwangwani. A 1987 waɗansu masana biyu, Rosenow da Marth, a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, suka zuba Listeriya a madara suka ajiye a digiri 4, 8, 13, 21 da 35, suna ƙirgawa. A digiri 4 ninki ya ɗauki wajen awa 30 zuwa 45. A digiri 8, wajen awa 9 zuwa 14. A digiri 13, awa 4 da rabi zuwa 7. A digiri 21, bai cika awa 2 ba. A digiri 35, wajen minti 40. Ku gwada ka'idarmu a kan waɗannan: za ta ba ku awa 36, da 11, da 4 da rabi, da kusan 2, da minti 42. Kun ga ke nan ba ta kauce ba.

Ku dubi layi biyu na farko da kyau. Tsakanin digiri 4 da digiri 6, hannu ba zai rabe ba, duka sanyi ne. Amma sauri ya ninka. Firijin da ƙofarsa ba ta rufuwa sosai, wanda yake zama a digiri 9, yana ci da aiki sau huɗu na wanda yake 4, ko da yake mai shi zai rantse lafiyarsa ƙalau.

In zafi yana hawa yana sauka

Firijinmu ba ya zama a digiri ɗaya. Nan ne amfanin maki yake fitowa, gama ana iya yanka yini gunduwa-gunduwa, a lissafta kowace gunduwa dabam, sa'an nan a tara. Haka ma masana suke yi, sai dai su gunduwarsu ta minti ce. A 1994 Baranyi da Roberts, a Ingila, suka fito da tsarin lissafi wanda yake bin zafi yana hawa yana sauka, a 2003 kuma aka buɗe wani rumbu a intanet mai suna ComBase inda aka tara dubban gwaje-gwaje irin na Wiskonsin domin wannan aiki.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga madarar da aka dafa, aka sanyaya, aka sa a firijin jam'iyya. Cikin awa 24 ta yi awa 14 a digiri 4. Aka ɗauke wuta, ana ta buɗe ƙofa ana ɗiba, ta yi awa 4 a wajen digiri 9, awa 4 a wajen 14, awa 2 a wajen 19, in an haɗa hawa da sauka.

Awa 14 sau 25, maki 350. Awa 4 sau 100, maki 400. Awa 4 sau 225, maki 900. Awa 2 sau 400, maki 800. Jimla 2,450, watau ninki biyu da kusan kashi uku cikin huɗu. Da wuta ta tsaya, da makin yini duka 600 ne kacal. Ashe a yini ɗaya madarar nan ta yi tsufan kwana huɗu. Awa 2 na tsananin ɗumi kuwa sun ci maki fiye da ninki biyu na awa 14 na sanyi.

In abin ya maimaitu kwana uku a jere, maki ya zama 7,350, ninki 8 ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama 256. A firijin da ya tsaya a digiri 4, kwana uku maki 1,800 ne, ninki 2, ɗaya ta zama 4. Domin a san girman waɗannan lambobi: a dokar da ƙasashen Turai suka kafa a 2005 an sa iyakar Listeriya 100 a gram ɗaya na abincin da ake ci ba a sāke dafawa ba, Amurka kuwa ba ta yarda a same ta sam ba a irin wannan abinci. Gram ɗaya na madara bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi ba. Daga ɗaya zuwa 100 bai cika ninki 7 ba. A digiri 4 wannan tafiyar kwana goma ce. A digiri 9 ba ta kai kwana uku ba. A digiri 29, awa 7 ce.

Akwai tarko biyu a nan da muke so a lura da su. Na fari, kada a ɗauki matsakaicin zafi. A misalin nan namu, in an haɗa awoyi duka aka raba, matsakaicin bai cika digiri 8 ba, wani sai ya ce ai da dama. Amma digiri 8 na awa 24 maki 1,944 ne, alhali gaskiyar 2,450 ce. Awoyin ɗumi sun fi awoyin sanyi nauyi, ba a auna su da mudu ɗaya. Na biyu, maki ba ya komawa baya. Sa'ad da wuta ta dawo, sanyi yana rage saurin haihuwa ne kawai, waɗanda aka riga aka haifa suna nan. Ko madara ta daskare ta zama ƙanƙara, barci suke yi, ranar da ta narke su ɗora daga inda suka tsaya.

Safiyar tatsa

Mun yi ta maganar ɗauke wuta, amma a ganinmu makin da ya fi yawa ba a nan jam'iyyu suke tara shi ba. Da safe ne. Madara tana fitowa daga hantsa wajen digiri 37. Gaskiya ne tana zuwa da wani ɗan kāriya nata na halitta wanda yake riƙe ƙwayoyi na ɗan lokaci, amma a zafin ƙasarmu bai cika wuce awa biyu ko uku ba, sau da yawa kuwa a hanya tsakanin ruga da wurin tarawa yake ƙarewa.

Sa'an nan a kawo gwangwani mai lita 40 a cusa a firiji, a ce an sanyaya. Iskar firiji ba ta da ƙarfin jan zafi daga abu mai girma haka. Bakin gwangwani ya yi sanyi, tsakiya tana nan da ɗumi. Ruwa ya fi iska jan zafi fiye da sau ashirin. A ce gwangwani biyu ne. Na fari, wanda aka bar wa iskar firiji, ya yi awa 2 a wajen digiri 29, awa 3 a 19, awa 3 a 14, awa 4 a 9. Makinsa na awa 12 ya zama 4,075. Na biyu aka tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara ana motsawa da tsabtataccen muciya, ya yi awa 1 a 29, awa 1 a 14, awa 10 a 4. Makinsa 1,375. Bambancin ninki uku ne, watau na fari ya fi na biyu yawan ƙwayoyi sau takwas, alhali saniya ɗaya, rana ɗaya, firiji ɗaya. Waɗannan awoyi misali ne muka kawo. Kowace jam'iyya ta auna nata gwangwani ta gani. A dokar Turai ta 2004 an ce a sanyaya madara nan da nan bayan tatsa zuwa digiri 8 in kullum ake kwasa, digiri 6 in ba kullum ba, kada kuma ta wuce digiri 10 sa'ad da ta isa masana'anta.

Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce zuba madarar safe mai ɗumi a kan ta jiya mai sanyi. Lita 20 mai digiri 4 in ta gamu da lita 20 mai digiri 34, duka arba'in ɗin sun koma digiri 19. Maki ya tashi daga 25 zuwa 400 a awa, sau goma sha shida ke nan, kuma ƙwayoyin da suke cikin ta jiya sun riga sun saba da wurin, ba su da jira. A sanyaya sabuwar dabam tukuna, kāna a haɗa.

Inda lissafin ya tsaya

Ba mu so wani ya ɗauki ka'idar nan ya mai da ita laya. Tana faɗin sau nawa aka ninka, ba ta faɗin da nawa aka fara. In madara ta fito daga tukunya ba Listeriya ko ɗaya, aka zuba ta a mazubi mai tsabta aka rufe, sifiri ko an ninka shi sau ɗari sifiri ne. In kuwa an fara da 50 saboda ludayin da aka ajiye a ƙasa, ninki ɗaya ya isa. Dafuwa ta ka'ida, digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, ko tafasawa sarai ga wanda ba shi da ma'auni, tana kashe Listeriya, da Salmonela, da tarin fuka, da bakkale. Amma dafaffiyar madara kamar sharariyar gona ce: duk irin da ya fāɗa ciki bayan nan ba shi da abokin gasa.

Ka'idar kuma ba ta lissafa ɗan jinkirin da ƙwayoyi sukan yi kafin su saba da sabon wuri ba. Wannan ba laifi, gama yana sa lissafi ya ɗan fi gaskiya tsanani, kuskure ne ta gefen lafiya. Ba ta kuma aiki in zafi ya wuce wajen digiri 35.

Abin da ya fi muhimmanci, ta Listeriya ce kaɗai. Da zafi ya haura digiri 10, Istafilokokas yana iya fara zuba dafi a madara, ɗumi kuma yana ƙara masa sauri ƙwarai. Dafin nan tafasa ba ta kashe shi. Ƙwayar ta mutu, dafi ya rage, wanda ya sha ya kama amai da ciwon ciki cikin 'yan awoyi. A ranar 31 ga Maris 2000 aka ɗauke wuta na wajen awa uku a wata masana'antar kamfanin Snow Brand a tsibirin Hokkaido na ƙasar Jafan. Madarar da take cikin injuna ta zauna da ɗumi na awoyi. Ba a zubar ba, aka dafa ta aka mai da ita gari. Dafuwa ta kashe ƙwayoyin, dafinsu ya wuce. A watan Yuni da Yuli na shekarar, mutum fiye da 13,000 a Osaka da kewaye suka kwanta bayan sun sha abin da aka yi da garin. Babban kamfani ne mai ɗakin gwaji da masana, tambayar da ta kayar da shi kuwa ita ce wadda 'yan kwamitinmu suke yi da asuba. Saboda haka madarar da ta yi awoyi da ɗumi sosai, kada a ce a sāke tafasawa a sayar.

Gwajin da akan yi a wurin tarawa, na tafasa ɗan cokali a ga ko za ta guntse, ko na haɗa ta da sinadarin alkohol, yana da kyau a ci gaba da shi. Sai dai tsami yake kamawa. Madarar da ta ci gwajin nan tana iya kasancewa da Listeriya.

Ma'auni, littafi da shawara

Ma'aunin da yake rataye a iskar firiji yana faɗin halin iska ne. A sa shi cikin kwalbar ruwa a rufe, a ajiye kusa da madara, domin ruwa yana ɗumama yana sanyaya kusan yadda madara take yi. A rubuta awo da lokaci safe, rana da dare, yadda ma'aikatan asibiti suke rubuta na firijin allurar rigakafi. In an ɗauke wuta, a rubuta lokacin da ta tafi da lokacin da ta dawo, a kuma duba ma'auni a daidai dawowarta.

Matsalar dare ita ce, wuta tana iya tafiya ƙarfe goma ta dawo ƙarfe huɗu, kafin sakatare ya iso ƙarfe bakwai ma'auni ya koma digiri 4 kamar ba abin da ya faru. Maganin wannan shi ne ma'auni mai tuna mafi zafi da mafi sanyi, ko ƙaramar na'urar nan mai batir da take rubuta awo da kanta dare da rana.  In ba a san yadda zafi ya hau cikin awoyin da ba kowa ba, a lissafa awoyin duka da lamba mafi girma da aka gani. Za a ga kamar an matsa, amma firiji yakan yi saurin ɗumama a farkon ɗaukewar wuta, wanda ya ɗauki lambar tsakiya yakan ruɗi kansa.

Hukumomin abinci na Amurka sun ce firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi wajen awa 4 bayan ɗauke wuta. A watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano, kada a dogara ga cikar huɗun nan. A cika sauran fili na firiji da jarkokin ruwa ko ƙanƙara, gama su ne suke riƙe sanyi in inji ya tsaya. A bar buɗe ƙofa domin ruwan sha. Firiji mai murfi a sama ya fi mai ƙofa a gefe, domin iska mai sanyi tana da nauyi, in an buɗe ƙofar gefe zubowa take yi. Maganin dabbobi da ɗanyen nama kuma su nemi wani wuri.

Kowane mazubi ya sami kati mai ranar dafuwa, ana ƙara makinsa kullum. Shawararmu, ba doka ba ce, ita ce kada dafaffiyar madara ta wuce maki 2,700 kafin a shanye ta, watau ninki uku, daidai da kwana huɗu da rabi a digiri 4. Ku tuna mai saye ma zai kai ta gida ya ajiye, wataƙila ba firiji, don haka a fitar da ita tun maki bai kai rabin wannan ba. Wadda kuwa ta haura digiri 20 ta yi fiye da awa biyu, a cire ta daga layin sayarwa ko makinta nawa ne. Ya kamata a tsai da waɗannan lambobi a babban taro tun rigima ba ta zo ba, a rubuta a littafin jam'iyya, a kuma yanke wanda zai ɗauki hasara. Jam'iyyar da ta ware ɗan abu daga kowace lita domin irin wannan rana, sakatarenta ba zai ji tsoron rubuta lambar da ya gani ba.

In kuwa tun da yamma an ga alamar wuta ba za ta dawo ba, ga man janareta ya ƙare, ba lalle a zauna ana kallon maki yana taruwa ba. Tun madara tana da sanyinta a tafasa ta, a bar ta ta huce har ta yi ɗumin jiki, a zuba mata kindirmon jiya mai kyau, a rufe. In tsami ya kama sosai Listeriya takan daina haihuwa. Tsamin ba ya kashe abin da ya riga ya shiga, shi ya sa tafasawa ta zo kafinsa. Kuɗin kindirmo a waɗansu kasuwanni bai kai na madara ba, ma'aji ya san bambancin tun da wuri domin a raba shi a kan kowa.